Jijiya Ba Ta Son Gaggawa



Kalmar jijiya a bakinmu tana ɗauke da kaya uku. Hanyar da jini ke bi, wadda nas ke lalube idan za a ɗebi jini, jijiya muke ce mata. Zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, wanda idan ya taɓu ƙafa ke mutuwa ko ta riƙa suka kamar allura, shi ma jijiya ne. Sai ta uku, farar igiyar nan mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Duk wanda ya taɓa sayen ƙafar saniya a mayankar Kaase ya san ta, ita ce ke gagarar haƙori idan naman bai sha wuta sosai ba. A kan wannan ta ukun za mu yi magana a wannan fitowa, domin tana cikin abubuwan da suka fi kawo mutane shagon magani suna cewa a ba su "wani mai ƙarfi".

Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne, zafin ciwon jijiya yakan tafi tun kafin ƙarfinta ya dawo. Tsakanin ranar da mutum ya daina jin zafi da ranar da jijiyar za ta iya ɗaukar aikinta na da akwai watanni, kuma a cikin watannin nan ne mutane da yawa ke sake ji wa kansu ciwo.

Me ya sa ta fi tsoka daɗewa

Dubi nama a teburin mahauci. Tsoka ja ce saboda jini ya wadace ta. Jijiya fara ce saboda hanyoyin jinin da ke shiga cikinta kaɗan ne. Jini kuwa shi ke kai iska da abinci da ƙwayoyin gyara duk inda aka ji rauni, don haka wurin da jini ya yi ƙaranci gyaransa yakan yi nawa.

An saƙa jijiya ne da wani sinadari da ake kira kolajin. Zare-zare ne a jere, duk sun miƙe sun fuskanci wuri guda, an haɗa su dami-dami kamar igiyar guga. Wannan jeri shi ne sirrin ƙarfinta. Wadda ta fi kauri da ƙarfi a jikin ɗan Adam ita ce agara, wadda ta sauko daga sha-raɓa ta kama dunduniya. Idan mutum yana gudu ko tsalle, nauyin da ke hawa kanta yakan kai ninki 6 zuwa 8 na nauyin jikinsa. Akwai wani wuri a jikinta, kamar santimita 2 zuwa 6 sama da dunduniya, inda jini ya fi ƙaranci, kuma a nan ta fi tsinkewa.

A shekarar 2013 masu bincike a birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak suka fitar da wani sakamako mai ban mamaki. Gwajin bama-baman nukiliya da manyan ƙasashe suka yi a shekarun 1950 da farkon 1960 ya bar wata alama a iskar duniya, ta shiga abinci, ta shiga jikin duk wanda ya rayu a lokacin. Da suka auna wannan alama a agarar mutane, sai suka ga an gina tsakiyarta ne tun mutum yana girma, zuwa wajen shekara 17, bayan nan kuma kusan ba a sake sabunta ta ba. Tsoka kuwa kullum cikin sabuntawa take. Ke nan dattijo mai shekara 65 yana tafiya ne a kan igiyar da jikinsa ya saƙa tun yana saurayi.

Rauni iri biyu

Na farko shi ne na farat ɗaya, wato tsinkewa ko yankewa. Magidanci mai shekara 40 da ya daɗe bai taɓa ƙwallo ba ya shiga galar Sallah, ya zabura zai bi ƙwallo, sai ya ji kamar an doke shi da sanda a bayan ƙafa, ya waiga bai ga kowa ba. Ko kuma wuƙa ta zame ranar Layya ta shiga tafin hannu, daga nan yatsa ya ƙi lanƙwasuwa.

Na biyu a hankali yake zuwa. Jijiyar ba ta tsinke ba, amma aiki iri ɗaya ya yi mata yawa, zarenta ya fara hargitsewa, ta yi kauri tana ciwo. Shi ne ciwon gwiwar hannun makaniken Suame Magazine mai murɗa sifana tun safe har magariba, da na kafaɗar magini mai ɗaga bulo sama da kansa, da na wuyan hannun mai jego ta wajen babban yatsa saboda ɗaukar jariri, da na agarar mai talla ko mai ɗaukar kaya a Kejetia. Alamarsa ita ce wurin ya sandare da safe, ya lafa idan jiki ya yi ɗumi, ya dawo da daddare ko washegari. A irin wannan ciwo idan ya daɗe kumburi kaɗan ne a ciki, shi ya sa mutum zai yi wata uku yana shan maganin kumburi amma ciwon yana nan.

Matakai uku na warkewa

Idan jijiya ta yage ko ta tsinke, jiki yana bin hanya guda wajen gyara, ko an yi tiyata ko ba a yi ba.

Mataki na farko kumburi ne, daga ranar da abin ya faru zuwa kamar mako guda. Jini ya taru ya daskare a wurin, ƙwayoyin jiki masu shara su zo su kwashe abin da ya mutu, su kirawo masu gini. Wurin zai kumbura ya yi zafi. Wannan kumburi yana cikin aikin gyaran. Abin da ake so shi ne a sassauta shi yadda mutum zai iya barci: a ɗaga ƙafar ko hannun a kan matashi, a sa ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20. Gashi da ruwan zafi da murza wurin da ƙarfi a kwana biyu ko ukun farko ƙara kumburin suke yi. Bayan nan ɗumi ba laifi.

Mataki na biyu yana kamawa kafin makon farko ya ƙare, ya kai wajen mako 6. Ƙwayoyin gini suna zuba sabon kolajin da sauri, amma na wucin gadi ne, siriri, a cukurkuɗe kamar zaren da yara suka yi wasa da shi. Ya dai cike giɓin, zafi ya ragu sosai, mutum ya fara takawa ko riƙe kofi. Nan haɗarin yake. Duk magini ya san simintin da aka zuba jiya samansa ya bushe, amma ba wanda zai ɗora masa bene.

Mataki na uku shi ne mafi tsawo, daga wajen mako 6 zuwa shekara guda ko fiye. Jiki yana cire na wucin gadin sannu a hankali, yana sa mai ƙarfi a madadinsa, yana miƙe zaren yana jera shi. Ko bayan shekara wurin tabo ne, ba kasafai yake komawa daidai yadda Allah ya halicce shi ba. Amma idan an bi shi yadda ya kamata yakan yi ƙarfin da zai ɗauki aiki da noma da wasa.

Mu dubi waɗanda ke da duk wata gata. David Beckham ya tsinke agara a watan Maris na 2010 yana buga wa AC Milan, ya rasa gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu, bai sake buga wasa ba sai watan Satumba. Callum Hudson-Odoi, wanda asalin iyayensa 'yan Ghana ne, tasa ta tsinke a watan Afrilu na 2019 yana Chelsea, yana ɗan shekara 18, shi ma sai Satumba ya dawo. Waɗannan mutane ne da ba su da wani aiki sai jinyar, da likitoci a kansu safe da yamma, amma sai da suka yi wata 5 zuwa 6. Mai shekara 45 da ke jinya a gida ya sa ran wata 6 zuwa shekara kafin ya koma fili.

Tsakanin hutu da aiki

Sabon zaren yana jeruwa ne ta inda ake jan sa. Idan an kwantar da gaɓar gaba ɗaya wata da watanni, zaren zai zauna a cukurkuɗe, tsoka ta zube, gaɓar ta sandare, jijiyar kuma ta manne da naman da ke kewaye da ita. Idan kuma an ɗora mata nauyi da wuri, sai ta miƙe ta yi tsawo ko ta sake tsinkewa. Maganin yana tsakiya: nauyi kaɗan, a kan lokaci, ana ƙarawa mako bayan mako. Wannan shi ne aikin ma'aikatan sashen gashin ƙashi, waɗanda muke kira fisiyo, kuma a ciwon jijiya aikinsu ya fi duk abin da nake sayarwa a shago.

A shekarar 1998 wani likitan ƙashi a ƙasar Suwidin mai suna Hakan Alfredson ya gwada wannan a kan masu gudu 15 da suka daɗe da ciwon agara. Ya sa su tsaya a bakin matakala da ƙafar gaba, su ɗaga dunduniya da taimakon lafiyayyar ƙafa, sannan su sauke ta a hankali a kan mai ciwon, sau da yawa safe da yamma, kullum har mako 12. Dukkansu sun koma gudu. Tun daga nan motsa jijiya da nauyi a hankali ya zama ginshiƙin maganin irin wannan ciwo, a agara da gwiwa da kafaɗa da gwiwar hannu.

A lura da abu biyu. Wannan motsi na jijiyar da ta gaji ne, wadda ta tsinke tana da nata tsarin daban. Kuma idan ciwon a daidai ƙashin dunduniya yake, a yi motsin a ƙasa, kada a sauke dunduniya ƙasa da matakala. Shi ya sa ya kyautu fisiyo ya fara dubawa kafin a soma.

Yaya mutum zai san bai wuce gona da iri ba? Ɗan ciwo lokacin motsin ba matsala, muddin ana iya jurewa. Alƙalin shi ne washegari da safe. Idan an tashi wurin yana yadda yake jiya, a ci gaba. Idan ya fi jiya ciwo ko sandarewa, an yi yawa, a rage, amma kada a daina gaba ɗaya.

Abu biyu da ba sa jira

Na farko tsinkewar agara. Mutum zai iya ɗingisawa ya isa gida da ita, domin akwai ƙananan jijiyoyi da ke ɗan motsa ƙafar, shi ya sa ake yawan ɗaukar ta targaɗe. Gwajin mai sauƙi ne. Ya kwanta rub da ciki, ƙafafunsa su zarce bakin gado, wani ya matse masa sha-raɓa. A lafiyayyar ƙafa tafin zai motsa ya yi ƙasa. Idan ɗaya ta motsa ɗayar ta yi shiru, ko an ji rami a jikin agarar, ko ya kasa ɗagawa a kan yatsun wannan ƙafa, a tafi asibiti a ranar ko washegari. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, don haka jin cewa ƙashi lafiya yake bai isa a koma gida ba. Hannun likita da sikanin su ke nuna ta.

A asibiti ana sa ƙafar a siminti ko takalmin jinya, yatsu na kallon ƙasa, domin bakin jijiyar biyu su haɗu. Sai a riƙa ɗago ƙafar kaɗan-kaɗan cikin mako 8 zuwa 10. Wasu ana yi musu tiyata, wasu ba a yi. Wani babban bincike a ƙasar Norwe da aka buga a 2022, mai mutum fiye da 500, ya nuna bayan shekara guda waɗanda aka yi wa tiyata da waɗanda ba a yi wa ba sun yi kusan daidai wajen amfani da ƙafar. Bambancin shi ne ta sake tsinkewa a kusan mutum 6 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa tiyata ba, alhali a waɗanda aka yi wa bai kai 1 cikin 100 ba, sai dai su kuma sun fi samun taɓuwar jijiyar saƙo. Duk hanyar da aka zaɓa, sharaɗin shi ne a fara da wuri. Wanda ke cikin siminti kuma ya ga sha-raɓarsa ta kumbura tana ciwo, ko ya ji ƙirji na suka ko numfashi na yankewa, ya koma asibiti nan take, domin jini kan daskare a ƙafar da ba ta motsi.

Ina girmama masu ɗorinmu, sana'a ce ta gado, kuma su ne mutane suka fi saurin zuwa wurinsu. Roƙona gare su shi ne su riƙa yin wannan gwaji na matse sha-raɓa kafin su taɓa ƙafa. Ja da murza da miƙe tafin ƙafa su ne ainihin abin da ke raba bakin jijiyar da ta tsinke. Idan ta warke a haka za ta yi tsawo, mutum ya rasa ƙarfin tunkuɗa ƙafa, ya riƙa ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. Tsaga da ƙaho a kan wurin kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, balle ga mai ciwon sukari.

Na biyu yankewar jijiyar yatsa, wadda mahauta da masu abinci da kafintoci suka fi fuskanta. Raunin kan iya zama ƙarami a ido, a ɗinke fata, jini ya tsaya, alhali jijiyar ta rabu a ciki. Tsoka kuwa tana jan ɗaya bakin tana tafiya da shi cikin tafin hannu, don haka ba za ta haɗu da kanta ba. Bayan kowane yanka a hannu a gwada lanƙwasa kowace gaɓa ta kowane yatsa da miƙe ta. Idan wata ta ƙi, sai likitan tiyatar hannu, cikin 'yan kwanaki, kada a bari ya haura mako biyu. A nan Kumasi asibitin Komfo Anokye, wato Gee, yana da masu wannan aiki, haka Korle Bu a Accra. Bayan ɗinki akwai kamar mako 6 na ɗaurin kariya tare da motsin da fisiyo zai koyar, kuma sai wajen mako 12 ake komawa aiki mai nauyi. A tambayi allurar tetanus ma.

Abin da ke kan kantar magani

Mahaifina, wanda na gaji wannan sana'a a hannunsa, ba ya miƙa wa mai ciwon jiki magani sai ya tambaye shi aikin da yake yi da magungunan da yake sha. Tambayoyin nan biyu har yau su ne suka fi amfani. Zan rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali domin a gane su.

Paracetamol shi ne na farko wajen rage zafi. Babba mai lafiyar hanta zai iya shan ƙwaya 2 masu miligiram 500 duk awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. A duba, magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna da shi a ciki.

Diclofenac da Ibuprofen 'yan gida ɗaya ne, ba a haɗa su. Suna da amfani na 'yan kwanaki, amma shan su mako da makonni yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana tayar da hawan jini. Dattawa da masu waɗannan cututtuka su tambaya kafin su sha. Na shafawa ya fi sauƙin haɗari. Babbar illarsu ga jijiya ita ce suna rufe bakin ciwon, mutum ya koma ɗaukar bulo a kan jijiyar da ba ta gama haɗuwa ba.

Tramadol ya fi su wannan ɓarna. Abin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta amince da shi na miligiram 50 ne da 100, shi ma da takardar likita. Masu 120 da 225 da 250 da ke yawo a lunguna ba bisa ƙa'ida suka shigo ba. Matashin da ke sha don ya yi aikin mutum biyu yana kashe ƙararrawar da ke gaya masa ya tsaya, ga kuma kamu da farfaɗiya da ke biyo baya.

Dexamethasone da Prednisolone, waɗanda wasu ke sha don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi ba tare da likita ba, suna hana jiki saƙa kolajin, suna raunana jijiya, suna tayar da sukari. Sukan ɓuya cikin haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna. Wanda likita ya ɗora a kansu saboda asma ko wata cuta, ko wanda ya daɗe yana sha, kada ya yanke farat ɗaya, yin haka haɗari ne, ya je a rage masa a hankali. Allurar wannan dangi a wurin ciwo tana kawo sauƙi da sauri, amma a ji abin da aka gani a Ostareliya a 2013 a kan mutum 165 masu ciwon jijiyar gwiwar hannu: bayan shekara guda ciwon ya dawo wa 54 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar, alhali a waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki 12 ne kawai cikin 100. Tana da wurinta a hannun likita, amma ba a maimaita ta barkatai, kuma ba a soka ta cikin agara.

Sai wanda mutane ba su zata ba, wato Ciprofloxacin da 'yan'uwansa Levofloxacin da Ofloxacin da Norfloxacin, waɗanda ake bayarwa don taifot da ciwon mafitsara. Suna iya sa jijiya ta kumbura ko ta tsinke, musamman agara. Hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi girma a kwalinsu tun 2008, ta Turai kuma ta taƙaita amfani da su a 2018. Abin ba ya samun kowa, kaɗan ne, amma haɗarin ya fi ga wanda ya haura shekara 60, da mai shan Dexamethasone ko Prednisolone, da mai ciwon ƙoda. Yana iya faruwa cikin kwana 2 da fara sha, ko watanni bayan an gama. Wanda ke shan sa ya ji ciwo ko kumburi a bayan dunduniya, ya dakatar, ya huta da ƙafar, ya ga likita a ranar domin a canza masa wani. Kuma a daina sayen sa don kawai jiki ya yi zafi an ce taifot ne.

Jikin da jijiyar ke ciki

Ciwon sukari yana kan gaba. Sukarin da ya yi yawa a jini yana manne wa kolajin, ya sa shi tauri da saurin karyewa, ya kuma lalata ƙananan hanyoyin jini. Wani nazari na 2016 da ya tattara bincike da yawa ya nuna masu ciwon sukari sun fi sauran mutane samun ciwon jijiya fiye da ninki 3. Sandarewar kafaɗa da yatsan da ke maƙalewa idan an lanƙwasa suna yawan zuwa tare da shi. Duk wanda ciwon jijiyarsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya auna sukarinsa.

Taba tana matse hanyoyin jinin da tun asali kaɗan ne, sigari ce ko shisha. Likitocin tiyata sun daɗe da sanin ɗinkin jijiyar kafaɗa ya fi warwarewa a jikin masu shan taba. Shekaru da ƙiba su ma suna rage saurin warkewa.

Wajen abinci, jiki yana buƙatar kayan gini: wake, ƙosai, ƙwai, kifi, nama, wagashi, gyaɗa, nono. Yana kuma buƙatar bitamin C, wanda idan babu shi zaren kolajin ba ya ɗauruwa da kyau. Yana cikin lemu da gwaba da gwanda da abarba da tumatir da barkono da garin 'ya'yan kuka. Farfesun ƙafar saniya abinci ne mai kyau, amma ciki yana narka shi ne kamar kowane nama, ba ya tafiya kai tsaye ya liƙe a agara. Kuɗin da za a kashe a kan gwangwanin kolajin mai tsada gara a yi kuɗin mota da shi zuwa wurin fisiyo.

Nauyin da ke kanmu

Na san abin da mai karatu zai ce: wa zai ciyar da gida wata uku? Mafi yawanmu sai mun fita muke samu, kuma wannan ne ke mayar da mutane aiki da wuri, ba rashin sani kaɗai ba. Amma a yi lissafi. Wata uku na sassauci ya fi sauƙi a kan jijiyar da ta sake tsinkewa, da tiyata ta biyu, da hannun da ba zai sake riƙe wuƙa ko sifana ba.

Nan ne jama'a ke da aiki. Maigidan gareji ya ba yaronsa aikin zaune har ya warke. 'Yan adashi su matso wa mai jinya da kwasarsa kusa. A gida wani ya karɓi daka da ɗibar ruwa. Dattijon da ke jinyar agara ko gwiwa ya yi salla a kujera ba tare da jin kunya ba, malamanmu sun sha yin bayanin wannan sauƙi. Maniyyata aikin Hajji su fara tattaki watanni kafin tafiya, suna ƙarawa kaɗan-kaɗan, domin ƙafar da ta saba da gida zuwa masallaci ba za ta ji daɗin ɗawafi da Safa da Marwa da tafiyar Mina a mako guda ba. Haka masu shirin galar Sallah, a fara motsa jiki tun da sauran makonni.

A kuma duba katin inshorar lafiya tun kafin buƙata ta taso, ana sabunta shi ta waya da *929#. Ganin fisiyo yana cikin abin da inshorar ta ɗauka, amma kayan ɗauri irin su takalmin jinya mutum ne ke saye.

Wanda ke da ciwon jijiyar da ya haura mako 6 bai sassauta ba, ya tattaro duk magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya da na leda, ya kai wa likita ko mai harhaɗa magani na kusa da shi su duba tare. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana. Amin.